Kwanon Shitu Na Famfo

A unguwarmu a nan Rano, in ka ce Malam Shitu sai a tambaye ka wanne, don har mai itace sunansa ke nan. Amma in ka ce Shitu Na Famfo, kowa zai nuna maka gidan. Katanga ɗaya ce tsakanina da su. Ni ce Bara'atu, matar marigayi Malam Ramalan, ladanin masallacin lungunmu. Karatuna bai yi nisa ba, sai abin da na tsinta a Islamiyyar matan aure da girmana. Abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji shi zan rubuta, Allah Ya tsare ni da ƙari.

Shitu mutumin Fassi ne ta ƙasar Kibiya. Mahaifinsa haƙar rijiya yake yi, shi kuma tun tasowarsa a bakin rami ya girma, yana jan ƙasa da guga. Da ya zo Rano yana saurayi sai ya samu aikin gwamnati a wajen masu kula da ruwa, aka sa shi gyaran famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyuka. Suka ba shi babur. Kullum da safe zan ji ya tayar da shi, ƙarafunan aikinsa ɗaure a baya suna ƙara, yau Dawaki, gobe wata ruga can bayan dutse. Hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, ko ranar Idi in ka duba ƙasan farcensa za ka gani. Ba shi da yawan magana. Matarsa Kulu ta ce in ya gama gyara famfo sai ya tara hannu ya sha, sannan ya matsa wa mata su ɗiba, bai taɓa tsayawa a yi masa godiya ba. Amma mutanen ƙauye ba sa barinsa haka. Da damina sai ya dawo da ƙwan zabi a cikin hularsa, wani lokacin ƙwaryar nono, kuma ba a taɓa kawowa ban ga rabona ta kan katanga ba.

Yanzu sai na yi bayanin tabarma, don a kanta maganar take.

Tun kafin a kawo ni lungun nan, mazansa tare suke cin tuwon dare. In an idar da Magariba kowa zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci ana hira har a kira Isha. Akwai ƙa'ida guda da aka gada: wanda tabarma take ƙofarsa ba ya fito da kwano. Nasa shi ne shara, da shimfiɗa, da ruwan sha, da na wanke hannu. Ba da daɗewa da aurenmu ba dattawa suka dawo da tabarmar ƙofarmu, suka ce ai ladan ne ya fi kusa da masallaci. Na daɗe ina ɗauka dalilin ke nan. Sai da na yi hankali na gane sun duba ne sun ga Malam ba shi da gona sai ɗan fegi, kuma kwanonmu kullum shi ne ƙarami.

Da Allah Ya karɓi abinsa, na gama takaba, ba wanda ya ce a tashi. Na ci gaba da share ƙofa bayan La'asar, in cika randa in bar ta a soro, in jingine tabarma. 'Ya'yana mata duk suna ɗakunansu, ni kaɗai ce a gidan. In na idar da sallah sai in zauna a tsakar gida da carbina, muryoyinsu na shigowa ta soro. Ina jin gardamarsu kan taki, da ta siyasa, da wanda ya fi santi. Har wurin da Malam yake zama ina iya cewa ga shi. Wannan hayaniyar ce ta hana gidan nan zama kango.

Kwanon Shitu samira ce mai jan murfi, da ɗan lotsawa a gefe. In wata ya ƙare ba a buƙatar a tambaya, da an ɗaga murfin Ja'afaru tela zai ce gwamnati ta yi atishawa. Ja'afaru shi ne bakin tabarmar, ba ya gani ya ƙyale. Shitu kuwa sai ya yi ɗan murmushi ya tura naman gaban Malam Manu, dattijonsu, Bafillacen da ya daɗe da zama gari yana sana'ar shanu. An yi shekaru a haka.

Sai shekarar da aka rage ma'aikata. Ban san yadda aka yi a can sama ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Na dai san da bazara ne, lokacin da rumbuna suka fara nuna gindi, kuma ba Shitu kaɗai abin ya shafa ba. Akwai masinja, akwai direba, akwai wata baiwar Allah mai shara da marayu a hannunta. Ranar na ji shiru lokacin da babur ya saba shigowa. Can sai na hango shi ta ƙofar soro yana tahowa a ƙasa, ƙarafunansa a kafaɗa, don su nasa ne, babur ɗin ne na ofis.

Gari bai yi shiru ba, in faɗi gaskiya. An yi magana a masallatai, aka tara hatsi, mai kwano mai tiya. Wani ɗan kasuwa ya ba masinjan gefen rumfarsa. Direban nan aka haɗa shi da mai adaidaita sahu suna karɓa-karɓa. Kowa ya karɓi abin da aka miƙa masa ya yi godiya, ban da Shitu. Da aka kawo masa nasa kason, sai ya yi addu'a mai tsawo, ya jira masu kawowa suka juya, ya ɗora buhun a ka ya kai gidan matar nan mai marayu. Wai ta fi shi buƙata. Ba girman kai ba ne irin na raina mutane. Mutum ne da tunda ya tashi hannunsa a sama yake, bai san yadda ake juya shi ba.

Ta wajen kwano na fara ganewa. Nama ya ɗauke, ba wanda ya ce komai. Mai ya ɗauke. Ja'afaru da kansa ya daina tsokanar samirar, kuma wannan shirun nasa ya fi magana ciwo. Daga nan sai Shitu ya fara yin Magariba a wani masallaci can bakin hanya, ba ya dawowa sai an naɗe tabarma. Ni kuma ta katanga na lura turmin Kulu ya rage magana, wata rana ma har yamma ban ga hayaƙi ba.

Na shiga da sunan aron rariya. Na tarar da ita tana wanke samirar nan, alhali ba abin da aka zuba a ciki. Ban tambaye ta ba, na zauna kawai. Can sai ta faɗa mini da kanta. Yara suna samun abin da za su sa a ciki, da dabara da komai, amma ba abin da za a fitar gaban maza. Kuma Baban Mufida, haka take kiransa da sunan autarsu, ya yi magana da wani mai kai mutane aikin gadi can Kudu. Mutumin da ya haura hamsin, gwiwarsa tana damunsa, bai taɓa kwana a wajen ƙasar Kano ba.

"Iya, cewa ya yi gara ya ji yunwa inda ba a san shi ba," in ji ta. "Ni kuma jikina yana ba ni in ya tafi ba zai dawo ba."

Na ce ta ba ni kwanon.

Abin da muka shirya ba wani abin a zo a gani ba ne. Mu matan lungu dama muna ciyayya, kwano ya shiga nan ya fita can, maza ba sa sa ido a kai. Sai muka ƙara wa Kulu hannu ta nan saboda yara. Amma kwanon tabarma dole ya fito daga gidansa, a hannunsa. Ni tsohuwa ce, ba gidan da ba na shiga. Sai ya zama kafin Magariba in karɓi samirar in sa a ƙarƙashin hijabi, yau in kai gidan Laraba matar Ja'afaru, gobe gidan Jumai, jibi in zuba nawa, in mayar wa Kulu ta ajiye a gindin murhu. Na ce kowace ta nemi izinin mijinta, don hatsin namiji ba a ɗibarsa a ɓoye ko da na alheri ne. Ita kuma Kulu ta ce masa ta fara yi wa maƙwabta surfe ana ba ta tukuici. Don kada ta zama mai ƙarya, sai ta riƙa yi wa Jumai surfen da gaske. Sharaɗi ɗaya muka gindaya: wadda duk kwano ya faɗo kanta, miya biyu za ta yi, ta mijinta daban, ta Shitu daban.

Ya dawo tabarma. Ranar da na sake jin sallamarsa a ƙofata sai da na yi sujada. Duk mazan sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba, kuma suka riƙe abin kamar ƙwai. Sai dai Ja'afaru ya kusa ɓata mana, don duk ranar da miyar Laraba ce a samirar, ranar yake zuba santi, yana cewa dole ya turo matarsa koyon girki wurin Kulu. In Laraba ta ji labari sai ta ce zai dawo ya same ta. Maganar Kudu ta kwanta. Har na fara jin dariyar Shitu, wadda ba ta da ƙara, kamar tari.

Muna cikin haka damina ta sauka. Wata ranar girkin Laraba akuyarta ta tashi haihuwa, abin ya zo da gardama. Tana can kanta miyar kuka ta kama a tukunya. Kafin ta ankara rana ta yi ja, ba lokacin ɗora wata. Ta zuba wa mijinta, ta zuba a samira daga tukunya ɗaya, tana cewa a ranta wa zai lura. Ni kuma ranar mura ta toshe mini hanci, na ɗauko na kawo ban ji komai ba.

Kwanon Ja'afaru aka fara buɗewa. Na ji an kwashe da dariya, ana ce masa yau gobara aka kawo. Shi ma yana taya su. Can aka zo kan samira, na ji ƙarar murfin. Sai tabarma ta yi tsit. Ƙauri ɗaya, busasshen kifi ɗaya, har baƙin ƙanzon da ya taso. Ko yaro ya san tukunya ɗaya ce.

Ja'afaru ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Ya ce to yau dai matan lungun nan rediyo ɗaya suka tsaya saurare. Mutum ɗaya ne ya yi dariya, shi ma ya haɗiye ta. Na ji ana zuba ruwa a hannu. Sai muryar Shitu, a hankali.

"Allah Ya saka muku da alheri, ku da iyalanku."

Na ji takunsa ya nufi gida. Da safe na tarar da samirar a sorona, ba wanda ya iya kai masa.

Bai yi wa Kulu faɗa ba, ta ce da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi mata, tun yaushe. Da ta faɗa sai ya ce ashe duk santin da ake yi, shi ake lallashi kamar mara lafiya. Ya ce ta wanke masa kaya ta sa a jaka, zai bi motar ranar kasuwa mai zuwa. Laraba ta zo wurina tana kuka, na ce ta share hawayenta, ita da ta ciyar ba ita ce mai laifi ba.

Bayan Asuba ina zaune a kan dardumata, idona ya sauka kan tabarmar a jingine. Na tuna Malam. Shekara da shekaru ya ci tuwon lungun nan bai fitar da ko loma ba, kuma har ya koma ga Allah kansa a ɗage yake, don shi ma yana da abin da yake kawowa. Na daɗe ina kallonta. Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba.

Da hantsi na sa aka yi mini magana da Malam Manu. Ya tsaya a soro, ni ina bayan labule. Bayan gaisuwa na ce masa bayana yana ciwo, jan ruwa da shara sun fara fin ƙarfina, su nema wa tabarma wata ƙofar. Na ce in da hali a samu wanda ya san harkar ruwa. Ban yi ƙarya ba, bayan yana ciwo. Ya dai daɗe yana yi ban faɗa ba.

Sai ya tambaye ni:

"Bara'atu, kin san in ta tashi daga ƙofa ba ta komowa?"

Na ce na sani.

"Gidan zai yi miki faɗi."

Na ce Allah Yana nan. Ya buga sandarsa a ƙasa a hankali, ya yi wa marigayi addu'a, ya tafi.

Da La'asar sakaliya mazan tabarma suka zo su uku, har da Malam Manu da Ja'afaru. Ɗaya ya ɗauki tabarma, biyu suka kama randa. Na matsa jikin katanga, don daga nan ana jin ƙofar Shitu. Suka yi sallama har sau uku kafin ya fito. Malam Manu ya ce masa tsohuwa ta gaji, an duba lungu kaf ba a ga wanda ya dace da ruwan jama'a ba sai shi. Ya ce ba taimako suka kawo ba, ɗawainiya ce, in zai iya.

"Baffa, na san abin da kuke yi," in ji Shitu.

"To tunda ka sani, ɗauko tsintsiya. Rana tana tafiya."

Shitu ya ce ai shi matafiyi ne, jakarsa ma a ɗaure take. Ja'afaru ya ce to madalla, sai ya tafi ya bar su a ƙofar Kulu suna kiran ruwa, in mutane sun tambaya su ce mai gidan yana can yana gadin ƙofar wani. Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don dariya ya faɗa ba.

Sai Malam Manu ya sassauta murya. "Shitu, kai ka zauna da Ramalan. Ka ci da shi, ka wanke hannu da ruwansa, kai ka sa shi a kabari. Ka taɓa jin ranar da ka ce a ranka sadaka yake ci?"

Ina jin kajin Kulu, ina jin wani adaidaita yana wucewa a bakin titi. Na riƙe carbi ban ja ba. Can sai na ji taku ya shiga gida, ya fito. Sannan na ji shara. Sharar namiji ba ta ɓuya, da ƙarfi yake yi, yana tayar da ƙasa fiye da yadda yake tara ta. Ja'afaru yana ce masa a yayyafa ruwa tukuna, wannan ai sai ya turbuɗe su.

Ranar kasuwa ta zo, mota ta tashi, jakar tana rataye a ƙusa. Kulu ta ce sai da aka kwana biyu sannan ya ce ta kwance kayan.

Aikin gwamnati bai dawo ba har yau da nake rubutun nan. Amma famfo ba ya sanin an sallami mai gyaransa, lalacewa yake yi. Mutanen Dawaki ne suka fara aikowa, suka haɗa abin da suka iya suka ba shi. Wannan ya karɓa, don guminsa ne. 'Yan'uwan Malam Manu na ruga suka ba shi aron keke, aron da ba a sa masa rana ba. Damina ta gaba mazan tabarma suka cika mota suka je Fassi suka yi masa gayya a gonar gadonsu da ta daɗe a kwance, suka dawo Ja'afaru yana ɗingishi yana cewa shi da allura aka san shi. Ba a koma cin nama ƙarshen wata ba. Turmin Kulu dai yana magana kullum, hayaƙi yana tashi. Kuma Shitu ya zama wanda ya fi kowa tsanani a kan randa: sai ya wanke ta, ya tace ruwan da farin ƙyalle, ya ɗanɗana kafin kowa ya sha.

Ƙofata ta yi shiru, kamar yadda Malam Manu ya faɗa. Bayan Magariba, in ban matsa jikin katanga ba, kamar daga nesa nake jin su, in iska ta juyo nakan tsinci muryar Ja'afaru, sauran ba na rarrabewa. Har yanzu in La'asar ta yi hannuna yakan kai ga tsintsiya kafin in tuna. Wani lokacin sai in share ɗin kawai.

Samirar kuwa na mayar wa Kulu, amma ba ta zauna ba. Tunda mai ƙofa ba ya fitar da kwano, sai ta zama mai tsallako katanga zuwa wurina, da abin da ya samu. Da daminar bana na buɗe na ga ƙwan zabi.

Kowace safiya kafin ya hau kekensa, Shitu yakan yi sallama a sorona da jarka biyu, ya cika mini tuluna. Ban roƙe shi ba, bai kuma tambaye ni ba. Yakan tsaya daga bayan labule ya ce, "Iya, ya bayan?" In ce da sauƙi. Rannan da na faɗi haka sai na ji wannan dariyar tasa mai kama da tari.

"Allah Ya ƙara sauƙi," ya ce. "Amma ko ya warke, tabarma ta zauna."

Na ce amin. Na ji ƙarafunansa suna ƙara har ya fita lungu.